Matata Ba Ta Iya Shiru Ba, Ni Kuma Ban Iya Bayani Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan Kano ne, shekaruna 34. Matata Bayarabiya ce 'yar Ibadan, Musulma, a wajen bautar ƙasa muka haɗu. Yau shekararmu uku da aure, Allah Ya ba mu 'ya ɗaya. Ta fuskar addini da riƙon gida ba ni da abin cewa a kanta. Matsalar bakinta ne. In abu ya dame ta, nan take za ta faɗa, ido cikin ido, murya a sama, ko da baƙi a gidan. Ni kuwa in raina ya ɓaci shiru nake yi har in huce, sai ta biyo ni ɗaki tana "Me na yi maka? Ka yi magana mana!" Hakan sai ya ƙara tunzura ni, shirun ya kai kwana biyu ko uku. Kwanakin baya Hajiyarmu ta zo mana, sai matar nan ta ƙwala mini kira da sunana daga kicin, alhali ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta taɓa faɗin sunana ba. Wata rana kuma magini ya faɗi kuɗin aikinsa na amince, sai ta fito ta ce ya yi yawa, ta tsaya ta rage kusan kashi ɗaya cikin uku, ina tsaye kamar gunki. Da Hajiya za ta tafi ta ce mini, "Matar nan taka ba ta da ta-ido." Wasu abokaina sun ce duk mata haka suke, surutu a jininsu yake. Wasu sun ce matan kudu ba sa ganin miji da gashi, in ƙaro aure kawai. Ita kuma kuka take yi, wai na daina sonta tunda ba na yi mata magana. Anti, raini ne wannan ko al'ada?

Ɗan'uwanki, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya raya mana yarinyar.

Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman wani abu, ban same shi ba. Na nemi inda ta zage ka, ko ta yi maka gori, ko ta kai sirrinka waje, ko ta wulaƙanta Hajiya. Babu ko ɗaya. Abin da na tarar shi ne murya, da ido, da suna, da ciniki. A gidan da ka tashi, da waɗannan ake auna raini. A gidan da ta tashi, ba da su ake aunawa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kai kuma ka ɗauko tsuntsuwa tun daga Ibadan, ka zauna kana jiran ta yi maka kukan Ƙofar Mata.

Bari in fara da namu, don mutum ba ya jin warin ɗakinsa sai ya fita ya dawo. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta ɗaga wa Malam murya ba, ban kuma taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma kada ka ɗauka ba ta faɗa masa magana. In suna shiri, ita da kanta take kai masa tuwo turaka, ta durƙusa ta buɗe kwanon, ta zauna tana yi masa fifita. In kuwa ya saɓa mata, ni za a kira: "Ke, zo ki kai wa Malam abincinsa." Tuwon dai shi ne, miyar ma ita ce, sai dai man shanun da aka saba ɗigawa a kai, yau babu shi. Da safe in tana daka, sai ka ji waƙa na tashi tare da taɓarya, ana yi wa wani mai mantuwa habaici, ba a kama sunan kowa ba. Malam yana zaure yana jan carbi, yana ji sarai. Kafin magariba sai ga tsire a takarda an aiko da shi cikin gida. An kai ƙara, an yi shari'a, an biya tara, ba wanda ya ce uffan.

Wannan shi ne yaren da kunnenka ya saba da shi. Macen Bahaushe tana faɗin abin da ke ranta tsaf, amma ta hannun ɗan aike take faɗa: yaro, ko kwanon abinci, ko waƙa, ko fuska. Shi ya sa muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Hatta sana'arta haka take tafiya, tana cikin gida, 'yar talla da dillaliya suna kai mata suna kawo mata. Ita Hajiyarka, da ta ce maka matarka ba ta da ta-ido, ai ba matar ta tara ta faɗa wa ba. Kai ta faɗa wa, a bakin ƙofa, tana shirin tafiya. Ka ga ɗan aiken ke nan.

To, waiwayi inda aka raini matarka. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Bodija ko ta Dugbe ya san cewa mata ne da kansu suke zaune a rumfa, suna taya kaya, suna musu da direban babbar mota, suna ƙirga kuɗi. A Ibadan akwai sarautar Iyalode, wadda mace ce ke riƙe da ita, tana magana da yawun mata a fadar Olubadan, sarkin garin. Yarinyar da ta tashi tana kallon uwarta da gwaggonninta suna wannan, in ta ji magini ya faɗi kuɗin da ya wuce kima ta yi gum, a wajenta ta ci amanar gidanta. Kuma kada wani ya ce maka Yarbawa ba su san girmamawa ba. Macensu gwiwa biyu take kaiwa ƙasa in za ta gai da babba, namijinsu ya kwanta rub da ciki. Suna da lafazin jam'i da suke yi wa babba magana da shi, kamar yadda muke cewa "kun tashi lafiya" ga mutum ɗaya. A al'adarsu ta gargajiya, amarya ba ta kama sunan dangin mijinta, har yaran da ta tarar an haifa a gidan sai dai ta laƙaba musu wani suna. Wato ladabin yana nan, sai dai a gwiwa da lafazi suka ajiye shi, mu kuma muka ajiye namu a ƙasa-ƙasa da murya da sunkuyar da ido. Ka tuna yadda ta gai da Hajiya ranar da ta iso. Ina kyautata zaton ba a tsaye ta yi ba. Ba na cewa duk Bayarabiya ɗaya ce, ni ma na san 'yan cikin Badala da bakinsu ya fi reza, amma abin da ka zayyana ya yi kama da tarbiyyar gida, bai yi kama da rashinta ba.

Wannan tuntuɓen da ka yi, wanda ya fi ni ya fi ka ya yi shi. A cikin Bukhari, Sayyidina Umar ya ba da labari cewa su Ƙuraishawa sun saba su ne ke rinjayar matansu, da suka yi hijira Madina sai suka tarar da mutanen da matansu ke rinjayarsu, sai matan Ƙuraishawa suka fara ɗaukar ɗabi'ar matan Ansar. Wata rana ya yi wa matarsa faɗa, ta mayar masa da magana, abin ya ba shi haushi. Sai ta ce masa me zai sa ya ji haushi, alhali matan Manzon Allah (SAW) ma suna mayar masa da magana. Umar bai ji daɗi ba, har ya tashi ya je ya ja wa 'yarsa Hafsa kunne. Abin da nake so ka lura da shi: waɗannan duka Larabawa ne, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, tsakanin Makka da Madina kuma bai kai nisan Kano da Ibadan ba. Duk da haka, yadda mace ke yi wa mijinta magana ya bambanta har ya girgiza mutum kamar Umar. Su matan Ansar ɗin nan kuwa, Nana A'isha ta yabe su da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Sai abokanka masu cewa surutu a jinin mata yake. Akwai wani lissafi da ke yawo a WhatsApp, wai mace tana furta kalmomi 20,000 a rana, namiji 7,000. A 2007 wani malamin jami'a mai suna Matthias Mehl da abokan aikinsa sun gwada abin. Suka rataya wa ɗalibai 396 a Amurka da Meziko wata 'yar na'ura mai naɗar murya lokaci-lokaci cikin yini, suka ƙirga, suka buga sakamakon a mujallar Science. Mata sun tashi da kalmomi 16,215 a rana, maza 15,669. Tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Ni ban ma buƙaci na'ura ba. Su abokan naka, a ina suka ba ka wannan fatawar? Ba a majalisa ba, ko a teburin mai shayi, inda ake zama daga isha'i har sha ɗayan dare ana feɗe siyasa da ƙwallo? Namijin Bahaushe ba kurma ba ne. A waje aku ne, in ya shigo gida sai bakin ya mutu. Maganar tana nan da yawa, a bakin titi ake ƙarar da ita.

Kuma in da faɗin magana kai tsaye halittar wani jinsi ce, da ko'ina a duniya iri ɗaya za a tarar. Wata masaniyar harshe da al'ada, Elinor Ochs, ta zauna a wani ƙauye a tsibirin Madagaska, ta wallafa abin da ta gani a 1974. A can maza ne gwanayen kewaye-kewaye. Suna da wani salon jawabi da suke kira kabari, cike da karin magana da hannunka-mai-sanda, namijin da ya tsare mutum ya faɗa masa laifinsa a fuska ya zubar da girmansa. Mata ne ke faɗin abu gatsal. In za a tsawata wa wani, ko a yi ciniki mai zafi a kasuwa, mazan sai su koma gefe su bar matan su yi. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, yau kuma da na zo kan maginin nan naka sai ya faɗo mini a rai. Da a can kake, ba wanda zai ce ta tsinka ka. Cewa za a yi ka yi dacen mata.

Yanzu in zo kanka, ƙanena, don wasiƙar taka duk a kan bakinta ta tsaya, ka tsallake naka. Shirun da kake yi, na san daga ina ya fito. An koya maka cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, gara ka haɗiye har ka huce kada ka faɗi abin da za ka yi da-na-sani. A wajenka haƙuri kake yi, kara kake yi mata. Amma wa ya taɓa fassara mata wannan? Mutumin da ya tashi a gidan da ake yin faɗa da ƙarfi, a gama, a zauna a ci abinci a kwano ɗaya, shiru ba haƙuri yake nufi a kunnensa ba. Yana nufin an yanke shi, an daina yi da shi. Ka dubi halin da take ciki: ta baro uwa da uba da ƙawaye a wata uwa duniya, tana zaune a garin da ba yarenta ake yi ba, mutum ɗaya take da shi, shi kuma ya shiga ɗaki ya ja ƙofa kwana uku. Ba neman fitina ke sa ta biyo ka ba, tsoro ne. Tana ƙara matsowa kana ƙara ƙulewa, kana ƙara ƙulewa tana ƙara ɗaga murya, kowannenku yana ganin ɗayan ne ya fara. Ina kuma tuna maka cewa kwana uku shi ne iyakar da hadisi ya sa wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa. Kai kana kai wa matar aurenka wannan iyakar a kan an kira sunanka.

Ba na ce ka koma mai hayaniya ba, ba za ka iya ba, kuma ba sai ka iya ba. Jimla ɗaya nake so ka koya. In ranka ya ɓaci, kafin ka ja ƙofar ka ce mata: "Raina a ɓace yake, ba zan iya magana yanzu ba. Ki ba ni zuwa bayan isha'i, ni zan neme ki." Daga nan bayan isha'in ka neme ta da gaske, ko da abin da za ka faɗa bai wuce kalma biyar ba. In ka saɓa sau ɗaya, gobe ba za ta yarda ba, za ta koma buga ƙofa. Nata ɓangaren kuma, in ka faɗi haka ta ƙyale ka har lokacin ya yi. Wannan yarjejeniya ranar da kuke shiri za ku ƙulla ta, kuna cin abinci, ba ranar da wuta ta kama ba.

Akwai hadisin da nake ƙauna a wannan babin, yana cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Nana A'isha yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi. Ta ce ta yaya? Ya ce in tana jin daɗinsa, da Ubangijin Muhammadu take rantsuwa, in tana fushi sai ta rantse da Ubangijin Ibrahim. Ta ce haka ne, amma sunan kawai take ƙaurace wa. Dubi yadda ya lura da sauyin kalma ɗaya tak, sannan bai riƙe a ciki ba, ya faɗa mata ya gane. Kai shekara uku kana tare da matar da ba ta ɓoye maka komai, an sauƙaƙa maka karatun, amma ita ka bar ta da baƙin allo.

Maganar suna ita ce mafi sauƙi. Ka taɓa zaunar da ita ka gaya mata cewa Hajiya ba ta faɗin sunanka, da dalilin hakan? Na fi zaton ba ka taɓa ba, ka ɗauka kowa ya sani. Ba kowa ya sani ba. Ka gaya mata cewa kunyar ɗan fari ce, kuma jin sunan ana ƙwala shi a tsakar gida yana yi wa tsohuwa nauyi a kunne. Tunda Allah Ya ba ku 'ya, ta koma kiran ka Baban Wance. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenta, Yarbawa ma da sunan ɗa suke kiran uba da uwa, wataƙila haka mahaifiyarta ke kiran mahaifinta. In kun shiga ɗakinku ta kira ka duk abin da ta ga dama.

Maginin kuwa, tsakani da Allah, kai ma ka san kuɗin ya yi yawa, kara ce ta hana ka tayawa. Inda ta yi kuskure shi ne warware maganarka bayan ka riga ka ce ka amince, don a nan garin, namijin da aka yi wa haka a gaban ma'aikaci sai ya ji an tuɓe masa hula. Ka faɗa mata wannan ɗin dalla-dalla, za ta fi gane shi a kan fushin kwana uku. Daga yau kuma in an faɗa maka kuɗin aiki, kada ka yi saurin cewa to. Ka ce, "Bari in yi shawara, zan kira ka." Ka shiga ciki ku yi lissafi, ka fito da farashinta a bakinka. Ranar sayen kayan abinci kuwa ka sakar mata ragamar gaba ɗaya, aljihunka zai gode maka.

Hajiya ce ke buƙatar dabara. Abin da ta faɗa maka a bakin ƙofa, kada ya kai kunnen matarka, ko da wasa, ko da cikin fushi. Kada kuma ka tsaya yi wa mahaifiyarka musu kana kare mata, wannan ƙara wa wuta fetur ne. In ka je gaishe ta, ka ce, "Hajiya, yarinyar nan a garinsu haka ake yi, ba ta san namu ba, ga shi ba ta da uwa a kusa. Ki riƙa nuna mata." Tsohuwar da aka ba ta matsayin uwa ba ta cika komawa mai gabatar da ƙara ba. Ita kuma matar taka ka roƙe ta, in Hajiya ko baƙi suna gidan, ta sassauta murya, in akwai ƙorafi ta ajiye shi sai dare. Kwana biyu ne, ba zai kashe ta ba, kuma ta san darajar suruka tun kafin ta san ka.

Masu cewa ka ƙaro aure, in kana da hali da bukata wannan lamarinka ne, amma kada ka shiga da sunan magani. Mai shirun da suke kwaɗaita maka, ita ma tana da nata ƙorafin, sai dai a kwanon tuwo za ta rubuta maka shi. In ba ka iya karantawa ba, wata rana ka dawo ka tarar ta yi yaji, ka kwashi abokan nan naka ku tafi biko, ba ka ma san laifin da za ka ba da haƙuri a kansa ba.

In bayan ka yi mata duk wannan bayanin, ta gane abin da ke ƙona maka rai, sannan ta ci gaba da yin sa da gangan a gaban mutane, ko zagi da gori suka shigo, to wannan ya tashi daga al'ada, sai a kira manyanta da naka a zauna. Ban ga alamar hakan a wasiƙarka ba. Na ga mace tana kuka don mijinta ya daina yi mata magana.

Kuɗin nan da ta rage wa magini, ka ciri wani abu a ciki ka biya ta wajen mai tsire yau da daddare. In ka shigo ka tarar da ita a kicin, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce mata "e ku ishe", sannu da aiki ke nan da yarensu. Lafazin zai fito maka a karkace, za ta yi maka dariya da ƙarfi har maƙwabta su jiyo. Ka bar ta ta yi.

Antinka.